Abincin Farko Na 'Ya'yan Tarwaɗa: Amsa Ga Wani Mai Kiwon Kifi Na Illela

Wata takarda ta zo mana daga Illela, garin nan na bakin iyaka da ke kallon Birnin Ƙonni. Mai takardar saurayi ne, ɗan tireda, ya gina kwatami biyu na siminti a bayan gidansu yana kiwon tarwaɗa. Ya ce da can daga nesa ya kan sayo 'ya'yan kifi a jarka, kafin mota ta iso da su sai ya tarar zafi da girgiza sun kashe masa da yawa. Sabo da haka ya koyi ƙyanƙyasa da kansa. Ya yi wa macen kifi allura, ya tatsi ƙwai, ya haɗa da ruwan namiji, washegari ya ga baho ya yi baƙi da 'ya'ya, murna ta cika shi. Kwana shida bayan haka ya wayi gari ya tarar duk sun kwanta a ƙasan baho, ba mai motsi. Ya sake, aka kuma. Ya rufe takardarsa da cewa, "Malam, don Allah a gaya mini, ruwan rijiyarmu ne ba shi da kyau, ko kuwa baki ne?"

To, ɗan'uwa, muna yi maka jaje, Allah ya mayar da alheri. Amma bisa ga abin da ka bayyana, ba mu ga laifin rijiya ba, ba mu kuma ga na mutane ba. Ka ce garin abincin manyan kifi ka daka ka barbaɗa musu. Nan ne gizo ya ke saƙa. Yunwa ce ta kashe su, sa'an nan garin da ba su ci ba ya ruɓe a ƙasan baho ya ƙarasa sauran. Tun da ya ke mun san ba kai kaɗai wannan abu ya ke samu ba, za mu ba da amsa a fili, domin sauran masu karatu su ma su ƙaru.

ME YA SA SU KE MUTUWA?

Ƙwan tarwaɗa ya kan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana guda in ruwa yana da ɗumi. Ɗan kifin ya kan fito da guzurinsa, watau wata 'yar jaka ta gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa. Da ita ya ke rayuwa kwana 3. Ran na huɗu guzuri ya ƙare, sai ya tashi neman abinci. A lokacin nan bakinsa bai fi tsinin allura da yawa ba, cikinsa kuma bai gama ƙosawa ba, balle ya narkar da masara da waken suya. Abin da ya fi karɓarsa shi ne wani abu mai rai, mai taushi, wanda ya ke daidai bakinsa.

A tafki, irin na Kalmalo nan kusa da ku, ko na Kware, Allah ya riga ya tanadar masa. Tarwaɗa ta kan yi ƙwai ne da damina sa'ad da ruwa ya malala cikin ciyawa, daidai lokacin da ƙananan halittun ruwa su ke yawaita. Amma baho ba tafki ba ne. Wanda ya raba ɗa da uwarsa, shi zai nemo nono.

JATAN LANDE NA RUWAN GISHIRI

Abin da masu ƙyanƙyasar kifi a duniya duka su ka dogara da shi, shi ne wani ɗan ƙaramin jatan lande da a ke kira atimiya. Ba a kogi ya ke zama ba, ba kuma a teku sosai ba, sai a tafkunan da gishirinsu ya yi yawa har kifi ba ya iya zama. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a lita guda, shi kuwa wannan yana rayuwa a ruwan da ya ninka haka sau uku ko fi. Babbansa bai wuce santimita guda da ɗan kai ba.

Abin mamaki a sha'aninsa shi ne ƙwansa. In zama ya yi daɗi, macen ta kan haifi 'ya'ya da rai. In ruwa ya soma ƙafewa, gishiri ya yi tsanani, sai ta koma yin ƙwai mai tauraren ɓawo. Wannan ƙwai ya kan bushe kamar rairayi mai launin ƙasa, ya yi shekaru a haka bai mutu ba. Ran da ya faɗa ruwan gishiri daidai wa daida, sai ya farka ya ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Giram guda na mai kyau ya kan ba da 'ya'ya fiye da 200,000.

Wani Bature mai suna Schlosser ya bayyana shi a rubuce a 1755, daga wuraren dafa gishiri na Lymington a Ingila. Amma sai a 1933 wani ma'aikacin gidan nuna kifaye na San Francisco a Amurka, Alvin Seale, ya ba da labarin cewa 'ya'yansa abinci ne mai kyau ga 'ya'yan kifi. Daga nan abin ya bazu. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ajiye kifayen teku masu launi cikin akwatin gilashi a ɗaki don ado, kamar yadda mu ke ajiye kanari a keji. Su kan ƙyanƙyashe atimiya a kwalba su ba kifayensu. To, abin da su ke yi don nishaɗi, shi za mu yi don neman abinci, dabarar kuwa guda ce.

Babban wurin da a ke kwasar ƙwan shi ne wani tafkin gishiri da ke Jihar Yuta ta Amurka. A kan samu kuma a Sin da Rasha, mutanen Biyetnam ma suna kiwonsa a gonakin gishiri tun shekarun 1980. A 1978 aka kafa cibiya ta musamman don bincikensa a Jami'ar Ghent ta Beljiyam. Ka ga ke nan gwangwanin da ya iso Sakkwato ya sha tafiya, da kuɗin waje kuma aka sayo shi. A watan Nuwamba na 2022 tafkin na Yuta ya ja baya irin yadda ba a taɓa aunawa ba. A watan Yuni na 2023 kuma aka saki darajar naira, duk kayan waje su ka hau. Shi ya sa tilas mutum ya san yadda zai yi da shi ba tare da ɓarna ba.

YADDA A KE ƘYANƘYASHE SHI A GIDA

Kayan aikin ba su da yawa. Nemi gorar roba ta ruwan sha, babba, mai cin lita guda da rabi. Yanke gindinta, ka kife ta, murfi yana ƙasa, ka rataye ta ko ka tsayar da ita cikin gwangwani. Dalilin kifewar shi ne ƙasanta ya tsuke kamar mazurari, don kada ƙwai ya sami lungun da zai kwanta.

Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta, lita guda. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe tukuna don maganin da a ke sa masa ya fice. Sa gishiri giram 25 zuwa 30, watau kamar cokali biyu na cin abinci, a shafe baki. Gishiri tsantsa a ke so, ba mai haɗi da ƙasa ba. Ƙara ɗan mitsitsin bekin soda irin na masu burodi, domin ƙwan ba ya son ruwa mai tsami. Sa'an nan zuba ƙwan, rabin ƙaramin cokalin shayi, kamar giram guda ke nan. Kada ka wuce giram 2 a lita. Mai zuba da yawa don ya sami da yawa, asara ya ke yi.

Abu uku ƙwan ya ke bukata bayan gishiri: iska, haske, da ɗumi.

Iska ita ce babba. A kan sayar da ɗan famfon iska irin na akwatin kifi, mai siririn tiyo. Zura tiyon har ƙasan gora, ruwan ya riƙa ɓulɓula kamar tukunya na tafasa, ba tsayawa dare da rana. In iska ta yanke awa biyu ko uku, ƙwan ya kan taru a ƙasa ya shaƙe. Kowa ya san halin wutar lantarki a wajenmu, sabo da haka nemi famfo mai batir ko wanda za ka haɗa da sola. Kada ka jiƙa ƙwai sai ka tabbata kana da wutar da za ta kai ka gobe war haka.

Haske kuwa, ƙaramin ƙwan fitila a kusa da gora ya isa, musamman a awoyin farko.

Ɗumi shi ne inda mutanen Illela za su lura ƙwarai. Abin da a ke so shi ne digiri 26 zuwa 30. A haka zai fito cikin awa 18 zuwa 24. Da hunturu, sa'ad da ruwa ke kwana da sanyi, ya kan kai awa 36 ko fi, sabo da haka shigar da gora ɗaki, ka matso da fitila kusa. Da bazara kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin garinku ya kan wuce digiri 40, ruwan da ya wuce 33 kuwa ya kan lalata ƙyanƙyasar. Kada ka aje gora ƙarƙashin rufin kwano. Tsoma ta cikin randar ƙasa mai ruwa, a inuwa, randa za ta sanyaya ta kamar yadda ta ke sanyaya ruwan sha. Sayi ma'aunin zafi, ya fi ƙiyasi da hannu.

KWASA DA CIYARWA

In lokaci ya cika, ɗaga gora a haske, za ka ga ruwan ya yi ja-ja kamar an ɗiga manja, ƙananan abubuwa suna ta tsalle. Cire tiyon iska, ka bar gora minti 5 zuwa 10. Ɓawon ƙwai zai taso sama. Wanda bai ƙyanƙyashe ba zai nutse can ƙasa. 'Ya'yan kuwa suna bin haske, in ka rufe saman gora ka haska tocila a wuyanta, nan za su taru. Zuƙo su da siririn tiyo cikin ƙyalle mai ƙananan ido ƙwarai, irin wanda aka rarraba a ƙauyuka don tace ruwa zamanin yaƙi da kurkunu. Ɗauraye su da ruwan daɗi don gishiri ya fita, sa'an nan ka ba kifi.

Yi hankali kada ɓawo ya bi su. Ɗan kifi ba ya iya narkar da shi, ya kan toshe masa hanji.

Kada kuma ka ajiye su don gobe. Su ma da guzurinsu su ka fito, wannan guzurin ne ya ke amfanin kifi, bayan awa 6 zuwa 8 kuwa sun soma cinye shi. Cikin ruwan daɗi ma 'yan awoyi kaɗai su ke yi su mutu. Dabara ita ce gora biyu: ka jiƙa ɗaya da asuba, ɗaya da magariba, kullum kana da sabo.

Ba su kaɗan kaɗan, kowace awa 3 ko 4, har da dare, gama tarwaɗa mai kiwon dare ce. Bayan minti 15 ɗebo 'yan kaɗan a kofin gilashi ka duba. In cikinsu ya yi ja ya cika, sun ƙoshi. In ka ga saura yana yawo bayan awa guda, ka yi yawa, rage. Kowace safiya zuƙe dattin ƙasan baho da tiyo, ka sabunta wani kashi na ruwan da wanda ɗuminsa ya yi daidai da na bahon.

Bayan mako guda ko kwana 10 suna cin wannan, soma haɗa musu da garin abincin jarirai na kanti, mafi laushi. Yaye ba a yinsa rana ɗaya. Yi kwana 3 ko 4 kana rage wancan kana ƙara wannan. Daga mako na biyu kuma ka riƙa tsince waɗanda su ka fi sauran girma kana ware su, in ba haka ba za su haɗiye 'yan'uwansu. Mutum ya kan zuba dubu goma ya kwashi dubu biyu, ya ce sata aka yi masa, alhali ɓarayin suna cikin baho.

GARGAƊI GA MAI SAYE

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɓawo, wanda mu ka yi bayani. Akwai kuma wanda aka riga aka cire wa ɓawo aka busar, launinsa ruwan lemo. Irin wannan da a ke sayarwa busasshe ba ya ƙyanƙyashewa, jiƙa shi kawai a ke yi 'yan mintoci a ruwan daɗi a ba kifi. Tarwaɗa tana cinsa sosai, shi ne ma yawancin masu ƙyanƙyasa a ƙasar nan su ke amfani da shi, domin ba ya bukatar famfo. Illarsa ita ce yana nutsewa, abin da ya rage ya kan ɓata ruwa da sauri. Tambayi mai kanti wane iri ne ya ke ba ka. Mun ji labarin wanda ya kwana biyu yana hura wa marar ɓawo iska yana jiran ya fito.

In za ka sayi na awo, wanda aka buɗe gwangwani a ke ƙullawa a leda, sayi kaɗan ka gwada tukuna. Laima ita ce abokiyar gabansa. Ƙwan da ya sha danshi da zafi a kanti ya mutu, ko da ya ke a ido ba ka bambanta shi da mai rai. Araha ba ta ado. Naka kuma, in ka buɗe, zuba shi a kwalba mai murfi, ka ɗaure, ka sa a firji ko wuri mafi sanyi a gidan.

KO A IYA KIWONSA YA HAYAYYAFA?

Mai takardar ya yi wannan tambaya, tambaya ce kuwa ta mai hankali. A iya. In ka zuba 'ya'yan a babban baho na ruwan gishiri, da iska, kana ba su ɗan yis ko ruwan dusar shinkafa da aka tace, cikin mako 2 zuwa 3 za su girma su soma haihuwa. Masu kifin ado haka su ke yi, domin kifayensu manya ne. Amma ga mai tarwaɗa ribar kaɗan ce. Babban ya fi ƙarfin bakin jariri, tara ƙwai mai yawa kuwa sai da fili da gishiri buhu buhu. Gara ka mai da hankali ga wanda ƙasarmu ta ke da shi.

NA GIDA: ƘUMAN RUWA

Duk wanda ya taɓa leƙa kududdufi bayan ruwan farko, ya ga waɗansu jajayen ɗigo suna tsalle kamar ƙuma. Masana suna kiran irin wannan moyina. Dangin jatan lande ne, amma na ruwan daɗi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ta daɗe tana nazarin kiwonsa don 'ya'yan kifi. Yana jure zafi, macen tana haihuwa ba sai da namiji ba, ta kan balaga cikin kwana 4 zuwa 7, sa'an nan ta riƙa zubo 'ya'ya kamar kowane kwana 2. Ba ya kuma mutuwa in an zuba shi a bahon kifi, yana nan yana yawo har a cinye shi.

Ga yadda a ke yi. Raba durom biyu, ko ka gina ƙaramin kwatami, ruwa ya kai gwiwa, a wurin da rana ke taɓawa da safe amma akwai inuwa da tsakar rana. Ƙulla busasshen kashin kaji a tsumma, soma da gwangwanin madara guda ga ruwan durom guda, ka rataya a ciki. Cikin kwana 4 ko 5 ruwan zai yi kore. Wannan koren shi ne abincinsu. In ruwan ya yi baƙi yana wari, taki ya yi yawa, cire ƙullin ka ƙara ruwa.

Iri kuwa, tato shi daga kududdufi da sassafe. Da rani ma a kan samu, domin shi ma yana barin ƙwai mai ɓawo cikin busasshen laka, ya jira damina. Kankaro lakar kududdufin da ya ƙafe, ka jiƙa a bokiti daban, in sun fito ka tato su. Kwana 5 zuwa 7 bayan zuba iri za ka soma kwasa. Kada ka kwashe duka, bar fiye da rabi. Yi durom biyu ko uku a jere, tazarar 'yan kwanaki, domin wani lokaci su kan mutu gaba ɗaya in abinci ya ƙare musu.

Gargaɗi uku. Na ɗaya, kada ka ɗebo iri daga ruwan da ke kwararowa daga lambun da aka yi wa feshi, irin na albasa ko tumatir. Maganin ƙwari yana kashe su nan take, yana kuma cutar da kifi. Na biyu, tace su ta gidan sauro kafin ka ba kifi, domin 'ya'yan kwaɗi da manyan ƙwarin ruwa masu cin 'ya'yan kifi su tsaya a sama, sa'an nan ka ɗauraye su da ruwa mai tsabta. Na uku, wanda ya fi duka, rufe durom da gidan sauro. Ruwan taki da ke tsaye gidan haihuwar sauro ne. Ba amfani ka raya kifi ka kwantar da 'ya'yanka da zazzaɓi. A hana yara wasa da ruwan, a kuma wanke hannu da sabulu.

Shawararmu ita ce a haɗa biyun: atimiya kwana 3 ko 4 na farko sa'ad da baki ya ke ƙarami, sa'an nan ƙuman ruwa, sa'an nan gari. Da haka gwangwani guda zai yi maka aikin biyu.

ABIN DA KE CIKI GA MUTANEN IYAKA

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa, duk da haka kifin da mu ke samu ba ya isarmu, sai an shigo da na ƙanƙara daga waje. Illela kuwa gari ne na kasuwa, ran Lahadi mutane su kan zo daga Ƙonni da Tawa da Gwadabawa da Sakkwato. Amma kun ga abin da ya faru. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Waɗanda abincinsu duka ya rataya ga wucewar mota sun ji jiki. Wanda ya ke da sana'ar da a ke yi a bayan gida, da ruwan rijiya, yana da wurin fakewa. Mai iya fitar da lafiyayyun 'ya'yan kifi a Illela kuma, ya hutar da maƙwabtansa jigilar jarka daga nesa.

Sai dai a bi sannu. Ɗan'uwa mai takarda, kafin ka sake yi wa kifi allura, yi gwajin gora sau uku ba tare da kifi ba, har hannunka ya faɗa. Kafa durom ɗin ƙuman ruwa kwana 10 kafin ranar ƙyanƙyasa. Soma da mace guda. Sami littafi ka riƙa rubuta rana, da zafin ruwa, da abin da ka zuba, da abin da ya mutu. In abu ya shige maka duhu, je ka ga malaman kifi na Ma'aikatar Jiha, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba.

In ka gwada, rubuto mana abin da ka gani, ko daɗi ko akasinsa, mu buga don amfanin jama'a. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka cikin nema, amin.